Tsohon wuya, sabuwar tsirkiya: Yadda ake harhaɗa jitar bes a Agege

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin gidan biki a Agege ranar Asabar ya san akwai wani amo da ke riga sauran kiɗan isowa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Amon jitar bes ke nan, mai tsirkiya huɗu, wadda mafi kaurin cikinsu ke karkarwa sau 41 kacal a daƙiƙa guda. Matashin da ya tashi a Zangon Agege, inda kakanninsa suka sauka domin fataucin goro da shanu tun zamanin da layin dogo ya ratsa garin, cikin wannan amo ya girma, ko da a gidansu goge da kalangu ake saurare. A kan titin da ke ɗauke da sunan garin, wato Agege Motor Road, can wajen Mushin, gidan Fela Kuti yake kafin sojoji su ƙona shi a watan Fabrairun 1977, kuma kiɗan Fela a kan bugun bes mai maimaita kansa yake zaune.

Sai dai mallakar jitar ta zama aiki. Daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja, Dala ta tashi daga kusan N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Sabuwar Fender ƙirar Amurka ta wuce Dala 1,000, wato sama da Naira miliyan guda tun ba a zo maganar kwastan ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya rage shi ne ya nufi Kasuwar Alaba da ke Ojo, inda ake jibge kayan sauti sababbi da na gwanjo, ya tsinto wuya a nan, gangar jiki a can, ya dawo unguwa ya haɗa.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa tsohuwar dabara ce ta Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a Kalifoniya, wanda ya fito da Precision Bass a 1951 da Jazz Bass a 1960. Maimakon ya manna wuyan jita da gam kamar yadda masassaƙan Turai suka saba, sai ya ɗaure shi da sukurori huɗu, domin in ya lalace a kwance a sa wani. Masana'antun Japan da Koriya da Sin da Indonesiya sun kwaikwayi wannan ƙira, shi ya sa sassan da aka ƙera a ƙasashe daban-daban, shekaru da dama a tsakaninsu, kan iya zama wuri guda.

Iya zama wuri guda daban, jituwa daban. A nan wuya ke yanke hukunci. Tsirkiyoyin huɗu idan aka ɗaure su suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 70, kusan buhun siminti da rabi, dare da rana. Abin da ke hana itacen sunkuyawa wata sandar ƙarfe ce da ke ɓoye a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. Don haka abu na farko da mai saye zai gwada a wurin ɗan gwanjo shi ne ko sandar na juyawa. In ta ƙi, ko notinta ya cinye, to wuyan itacen girki ne, komai kyan fentinsa. Na biyu, ya ɗaga shi ya hanga daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar kara. Lanƙwasa kaɗan tana gyaruwa, amma wuyan da ya murɗe gefe guda gyaransa ya fi kuɗinsa. A ganina tsohon wuya mai lafiya ya fi sabo mai arha, domin itacen da ya shekara ashirin bai murɗe ba ya riga ya nuna halinsa.

Sannan sai lissafi. Tsawon tsirkiya a yawancin jitar bes inci 34 ne, daga inda ta tashi a kan wuya zuwa inda ta hau abin da masu goge ke kira jaki. Daga cikin ƙananan sandunan ƙarfen da ke gicciye a wuyan, ta 12 ce ke tsakiya daidai: inci 17 ta sama, inci 17 ta ƙasa. Idan aka ɗora wuya mai sanduna 24 a gangar jikin da aka yanka wa mai 20, wannan awo ya rushe, kuma jitar za ta riƙa yin ƙarya a duk lokacin da yatsu suka gangaro ƙasa. Maganinsa a cire jakin, a toshe tsofaffin ramuka, a sake awo. Kafintan unguwa zai iya, muddin an tsaya a kansa. Shi da ya saba da ƙyaure da gado, rabin inci ba ya ɗaga masa hankali.

Gangar jikin ba ta da fitina sosai. In ba a samu ta gwanjo ba, busasshen maɗaci ya isa, ɗan uwan itacen da Turawa ke sayen sa da tsada ne. A dai kula da nauyi, domin kafaɗa ce za ta ɗauka har a tashi biki.

Kayan lantarkin kuwa rabi da rabi ne. Maɗaukin sautin, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, yana daɗewa, kuma mai gyaran rediyo zai gane mai rai da matacce da mitarsa cikin minti guda. Amma mamurɗan ƙara sauti da ramin da ake cusa waya, sababbi ya kamata a saya, don laimar Legas tana cinye su da tsatsa kuma ba su da tsada. A shimfiɗa takardar alminiyam a ramin wayoyin domin rage gunjin wutar lantarki, a kuma tabbatar amfilifayar tana da wayar ƙasa mai kyau. Tsirkiyar ƙarfe ce a hannun mutum, kuma inda janareta da haɗin waya na gaggawa suka yi yawa, ganganci kan jawo jan wuta. Tsirkiya ma sabuwa ta fi, ko da yake makaɗa sun daɗe suna tafasa tsohuwa a ruwa domin ta ɗan farfaɗo na kwanaki.

Wannan tsince-tsince ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. A Nijar, Mdou Moctar, wanda yanzu ke cika ɗakunan kiɗa a Amurka da Turai, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin sayarwa, idan aka liƙa tambarin Fender a kan wuyan da bai taɓa ganin Amurka ba aka ninka farashi. Haɗe-haɗe sana'a ce, wannan kuwa algus ne, kuma sabon mai koyo shi ya fi faɗawa.

Saura gargaɗi guda ga wanda zai tafi da jitarsa gida. Itacen da ya sha laimar Legas, idan ya sauka Kano ko Sakkwato a tsakiyar hunturu, tsukewa yake yi. Bakin sandunan ƙarfen kan fito su riƙa kartar hannu, tsayin tsirkiya ya canza. A bar ta cikin jakarta kwana biyu ko uku kafin a taɓa sandar wuyan, kuma in za a juya, kada a wuce rubu'in zagaye a rana.