FAHIMTA: Takardar da doka ta ce dole ta raka duk motar da ta ɗauko iskar gas mai guba

A ranar 27 ga Yuni, 2022, igiyar ƙugiyar da ke loda kaya a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba da ke Jodan ta tsinke, wata tanka mai ɗauke da tan 25 na iskar kulorin ta faɗo ta fashe. Mutum 13 suka rasu, sama da 250 suka jikkata. Binciken gwamnatin ƙasar ya gano cewa nauyin tankar ya ninka abin da igiyar za ta iya ɗauka har sau uku.

Najeriya ma ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A watan Yulin 2015, kulorin da ta tsere daga tukunya a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos ta kashe mutum takwas. Da kulorin ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo, don haka dole a riƙa safararta daga tashoshin ruwa zuwa matatun cikin ƙasa, ta hanyoyin da suka ratsa kasuwanni da unguwanni.

Me takardar ta ƙunsa?

Tun 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitar da ƙa'idojin safarar kaya masu haɗari, waɗanda suka kasa kayan gida tara. Iskar gas ce rukuni na 2, mai guba a cikinta kuma ita ce 2.3. Kowane sinadari yana da lambarsa: kulorin UN 1017, amoniya tsantsa UN 1005.

Wanda ya aika kayan shi ke da alhakin cike takardar. Zai rubuta lambar, da sunan sinadarin na hukuma maimakon sunan kasuwa, da rukuninsa tare da ƙarin haɗarinsa, da yawan tukwane da jimillar nauyi, da suna da adireshin mai aikawa da mai karɓa. A safarar ruwa zai kuma sa hannu cewa an bayyana kayan, an ɗaure su, an liƙa masu alama yadda ya kamata. Kundin IMDG da ya tanadi haka ya zama wajibi tun 1 ga Janairu, 2004.

Amurka ta ƙara da nata sharuɗɗan. Dole takardar ta faɗi cewa shaƙar iskar guba ce, ta nuna matakin haɗarin daga A zuwa D, ta kuma ɗauki lambar wayar gaggawa da ake amsawa muddin kayan na kan hanya. Direba zai ajiye ta inda hannunsa zai kai yana ɗaure da bel, ko a aljihun ƙofarsa.

Me ya sa ake tsanantawa?

Domin ma'aikacin kashe gobara da ya fara isa wurin haɗari da takardar zai san abin da ke gabansa. Kulorin ta fi iskar da ake shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, saboda haka kwari da ramuka take bi, kuma dole a kwashe jama'a zuwa tudu, ta ɓangaren da iska ke tasowa. Watsa ruwa a kan tukunyar kulorin mai yoyo na ƙara cinye ƙarfen, ramin ya faɗaɗa. Idan takarda ta ɓata, ko an rubuta "kayan sinadarai" kawai, mai ceto na iya zama cikin waɗanda za a ceta.

Ina Najeriya ta tsaya?

A 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar ADR ta safarar kaya masu haɗari a kan titi. Yarjejeniyar ta wajabta wa direba shaidar horo na musamman, ta kuma ce kamfanin sufuri ya ba shi rubutaccen umarnin gaggawa a harshen da yake iya karantawa ya fahimta. Ke nan direban da Hausa kaɗai yake karantawa yana da haƙƙin a ba shi umarnin da Hausa.

Tambayoyin da suka cancanci 'yan majalisa su yi wa hukumomin kiyaye haɗurra da na tashoshin ruwa a fili suke: motoci nawa aka tsayar bara don duba wannan takarda, nawa aka samu babu ita, kuma wane hukunci aka yi wa masu kayan?