Tarihin Baƙo Yana Cikin Juji: Darasin Unguwannin Sinawa Ga Tudun Wadar Zariya

A watan Mayun 1887 aka banka wa unguwar Sinawa da ke birnin San Jose na jihar Kalifoniya wuta, ta ƙone ƙurmus. Sai a shekarun 1985 zuwa 1988, ana haƙa harsashin sababbin gine-gine, ƙasa ta fara amayo abin da ta haɗiye: kwanukan tangaran na cin shinkafa, da tulunan miya, da kuɗin Sin masu huda a tsakiya, da ƙasusuwan kifi. Kayan sun daɗe jibge a kwalaye kafin masanan Jami'ar Stanford su duƙufa a kansu a 2002. Irin wannan tono ya bazu har zuwa sansanonin Sinawan da suka shimfiɗa layin dogo a Amurka, da bukkokin masu haƙar zinariya a Arrowtown ta ƙasar New Zealand.

Me ya jawo wannan himma? Baƙo ba shi yake rubuta tarihinsa ba, masu gari ne ke rubuta masa, sau da yawa da alƙalamin ƙiyayya. Juji kuwa ba ya son kai. Shi ya nuna cewa waɗannan mutane suna sayo kaya daga gida, suna kuma amfani da na maƙwabtansu Turawa, saɓanin zargin da aka daɗe ana yi musu na ware kai. Da jikoki suka ga kwanon kakanninsu, sai suka tashi neman a adana musu shi.

Mu ma muna da irin wannan unguwa. Tudun Wada zangon baƙi ce tun asali. A farkon mulkin Turawa aka tsugunar da 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba a bayan ganuwar birnin Zariya, tsakanin Ƙofar Doka da rafin Kubanni, 'yan Kudu kuma aka kai su Sabon Gari. Fatake da malamai da leburorin jirgin ƙasa sun zauna nan, kowa da tukunyar garinsu.

Amma binciken tono a ƙasar Zazzau ya fi karkata ga wuraren da suka yi suna, irin su Turunku da Kufena da tsoffin maƙerun Samaru. Tudun Wada kuwa ana ganin jiya-jiya aka kafa ta. Ga tsadar fili da rabon gado suna sa ana rushe gidajen ƙasa ana ɗora shagunan bulo. Tsaya bakin ramin harsashi ka gani: lebura ya cillo tsingaro da wuri, wani lokaci har da anini mai huda. Yara su kwashe, ƙarfen ya tafi wurin 'yan gwangwan, sauran a cike kwata da shi.

Asarar ba ƙarama ba ce. Tsingaro idan ya bar ramin da aka same shi, bakinsa ya mutu, ba zai ƙara faɗin wa ya zo, daga ina, ko me ya ci ba.

Abin bai fi ƙarfinmu ba. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa. Masu unguwanni su riƙa sanar da malamansa kafin a zuba kankare, ko yini guda a ba ɗalibai su duba ramin. Wuta ce ta ci unguwar Sinawa, ƙasa ta adana musu saura. Tamu kuwa, idan ba mu farga ba, da shebur ɗinmu za mu kwashe ta.