Kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu

Daga Disamba zuwa Janairu, idan sanyi ya sauko unguwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, gidaje da yawa kan shigar da kaskon garwashi ɗaki don jin ɗumi. Ana tsoron gobara, amma akwai haɗarin da ya fi ta ɓoyuwa. Itace ko gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar wari, marar launi. Tana hana jini ɗaukar oksijin, mai barci kuwa sai ta sumar da shi bai sani ba.

A hura wutar a tsakar gida da busasshen itace, ban da leda ko fetur. In an shigar da kaskon, a bar taga a buɗe, a nisanta shi da katifa da gidan sauro, a fitar da shi kafin a kwanta. Nan aka fi sakaci. Toka ma kan ɓoye garwashi har wayewar gari, sai a yayyafa mata ruwa kafin a zubar.

In 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri ko amai, a fito da kowa sarari, a garzaya asibiti, kamar na Gwamna Awan da ke Kakuri.