Shin Ko Kun San? Karatun Saikoloji a Amurka da Hanyoyin Samun Tallafi

Shin ko kun san cewa ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, yana cikin fannonin da ɗalibai suka fi rububinsu a jami'o'in Amurka? Duk shekara sama da mutum 100,000 ne ke kammala digirin farko a cikinsa. Da wuya ka ga jami'ar da ba ta koyar da shi, don haka mai nema yana da sararin da zai zauna ya duba inda aljihunsa zai iya ɗauka.

Shin ko kun san cewa kuɗin da jami'a ta rubuta a shafinta ba shi ne yawancin ɗalibai ke biya ba? A Harvard, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci na shekara guda ya haura dala 80,000. Amma tun zangon karatu na 2025, iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ɗansu ba ya biyan ko sisin kwabo. Princeton kuwa tun 2001 ta daina sa bashi a cikin tallafin da take bayarwa, ta mayar da shi kyauta zalla. Yaro mai ƙwazo ya ga wancan adadi na dala 80,000 ya tsorata ya fasa nema, wannan babbar asara ce.

Shin ko kun san cewa tallafin iri biyu ne, kuma ba ƙofa ɗaya ake bi ba? Akwai na hazaƙa, wanda ake bayarwa saboda sakamakon jarrabawa ko wata baiwa, ko da mahaifinka attajiri ne. Akwai kuma na buƙata, wanda ake auna shi da ƙarfin gidanku. Jami'o'i takwas na rukunin Ivy League, irin su Yale da Columbia da Cornell, ba sa ba da na hazaƙa sam. Hazaƙarka ta sa a ɗauke ka, halin gidanku kuma shi zai yanke nawa za a ba ka.

Masu ba da na hazaƙa su ne irin su Vanderbilt da Emory da Duke. Sai dai a lura, sau da yawa ranar rufe neman wannan tallafi tana riga ranar rufe neman gurbin karatu. Emory ta saba rufewa a tsakiyar Nuwamba, Vanderbilt a farkon Disamba. Kuma galibi akwai sharaɗi: in makinka ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, ana iya janye kuɗin kana tsakiyar karatu.

Shin ko kun san cewa a yawancin jami'o'in ƙasar, baƙon ɗalibi da ya ce yana neman taimako ya rage wa kansa damar shiga? Suna duba nawa zai ci musu kafin su ce masa ya zo. Ƙalilan ne ke kau da kai daga wannan, su ɗauki mutum don cancantarsa sannan su cike masa duk giɓin da ke akwai. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst sun daɗe a kan haka, Dartmouth da Bowdoin suka bi sahu a 2022. Shiga waɗannan fa sai an dage, domin a wasunsu cikin masu nema ɗari ba a ɗaukar ko biyar. Kada a zuba duk fata a kansu.

Shin ko kun san da wata ƙaramar kwaleji mai suna Berea a jihar Kentucky? Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibanta. Marasa ƙarfi take nema, kowa kuma yana yin aikin aƙalla sa'o'i 10 a mako a cikin makarantar, wani a ɗakin karatu, wani a gona, wani a ofis. Tana koyar da saikoloji, tana kuma ɗaukar baƙi.

Shin ko kun san cewa fom ɗin FAFSA da ake yawan ambata ba na baƙi ba ne? Na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama, kuma ta nan suke samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a zangon 2024 zuwa 2025. Baƙo yawanci CSS Profile zai cike. Wannan fom ba ya barin komai: albashin uba da na uwa, gidan da ake ciki na kai ne ko na haya, akwai gona ko shago, yara nawa ake biya wa makaranta. A cike shi da gaskiya, domin za a nemi takardun shaida.

In takardar tallafi ta iso, a karanta ta layi-layi. Wasu makarantu sukan jera kyauta da bashi da ladan aikin cikin makaranta wuri ɗaya, su tara jimla mai daɗin gani. Layin bashi kuɗi ne da za a mayar, har da ruwa a kai. Cire shi, sannan ka ga ainihin abin da aka ba ka.

Shin ko kun san cewa digirin farko kaɗai ba ya ba mutum lasisin duba masu matsalar ƙwaƙwalwa a Amurka? A mafi yawan jihohi, lasisin masanin saikoloji sai da digirin digirgir da horo a ƙarƙashin ƙwararre. Ƙungiyar masana fannin ta ƙasar, APA, wadda aka kafa a Jami'ar Clark a 1892, ba ta ma tantance kwasa-kwasan digirin farko. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta iyaye su riƙe. Tafiyar doguwa ce, bai kamata a ƙarar da guzuri a zangon farko ba. Makarantar da za ka fita babu bashi, wadda malami zai san sunanka ya sa ka cikin bincikensa, ya rubuta maka takardar shaida mai nauyi, ta fi mai babban suna da za ta bar gidanku cikin ƙunci.

A mataki na gaba ma akwai bambanci. Digirin PhD, mai karkata ga bincike, galibi ana yafe kuɗin makaranta har a riƙa ba ɗalibi alawus yana taya koyarwa. Na PsyD, mai karkata ga aikin asibiti, yawanci ɗalibi ne ke biya, kuma da yawa da bashi mai nauyi suke fitowa.

Ita dai wannan Jami'ar Clark da ke Massachusetts, a can Sigmund Freud ya gabatar da laccoci biyar a 1909, zuwansa Amurka na farko kuma na ƙarshe. A can ne kuma Francis Sumner ya zama baƙar fatar Amurka na farko da ya samu digirin digirgir a saikoloji, a 1920.

Shin ko kun san cewa ɗalibai 'yan Najeriya a Amurka sun haura 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, fiye da na kowace ƙasa a Afirka? Sai dai batun biza ya sauya. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana 'ya'yansu shiga, a Disamba kuma ta ƙara da Nijar, ta taƙaita wa Najeriya, har da bizar ɗalibai. Mai bizar karatu ma ba ya wuce aikin sa'o'i 20 a mako lokacin da ake cikin zango, wanda ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Don haka kafin a biya kuɗin fom ko a miƙa wa wani dillali ko kwabo, a tuntuɓi cibiyar EducationUSA da ke Abuja ko Legas a ji halin da ake ciki, sannan a rubuta wa ofishin tallafi na kowace jami'a kai tsaye a tambaye su: nawa ne zai fito daga aljihunmu a kowace shekara, har shekara huɗu?