Ka Raka Maƙwabcinka Ya Karɓi Rabonsa

Yau maganarmu a kan gidajen da gwamnati ta keɓe wa taimako ne, amma taimakon bai kai hannunsu ba. A Kinkinau da Unguwar Mu'azu akwai gwauraye da tsofaffi da yawa waɗanda suka cancanta, abin da ya hana su sau da yawa takarda ce kawai.

Ga yadda abin yake. Tun 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma tattara sunayen matalautan gidaje cikin babbar rajista ta ƙasa, ƙarƙashin ofishin NASSCO, kowace jiha kuma tana da reshen da yake yin aikin. Mutanen unguwa ne sukan zauna, maza dabam, mata dabam, matasa dabam, su ambaci gidajen da suka fi shan wuya, sa'an nan ma'aikata su bi gida gida suna rubutawa. Daga wannan rajista aka ɗauki waɗanda aka riƙa ba Naira 5,000 a wata. A Oktoba 2023 kuma aka sanar da Naira 25,000 a wata har wata 3 domin gidaje miliyan 15. To, wanda ba a ambaci gidansa ranar taron ba, ina za a same shi? Saboda haka in mai unguwa ya kira irin wannan taro, ka je, ka faɗi sunan tsohuwar nan da ba ta iya fitowa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen lambar NIN. Biyan da aka sanar a 2023 ta asusun banki ko na waya ne, kuma sai an tabbatar da mutum ta wurin lambarsa. Yin rajistar NIN karo na fari a ofishin NIMC kyauta ne. Amma ka duba da kyau: idan an rubuta Saratu a katin, a banki kuwa Sarah, ko ranar haihuwa ta bambanta, kuɗin yana iya maƙalewa. Gyaran kuma sai an biya. Gara mai karatu ya raka ta tun farko, a karanta mata abin da aka rubuta kafin ta tashi.

Batun asibiti ma haka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya na matakin farko, a Kaduna kuwa hukumar KADCHMA ce take rajistar marasa ƙarfi a cikinsa. A tambaya a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa.

Wani gargaɗi, 'yan'uwa. Ba a sayen shiga rajistar nan. Wanda ya ce a kawo kuɗin fom, ko ya bugo waya yana neman lambar sirri ta katin banki, ɓarawo ne. A kai ƙararsa wurin mai unguwa ko sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma rubuta ranar da aka kai ƙarar da sunan wanda ya karɓa.