Ma'anar "Jin Daɗi" a Tafiya: Daga Bahar Maliya zuwa Dutse

Kalmar "jin daɗi" da ke cikin sunan Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jigawa ba ma'ana ɗaya take ɗauke da ita ga kowane matafiyi ba. A 2021 jirgin ruwan shaƙatawa, MSC Bellissima, ya fara yawo da fasinjoji daga Jidda cikin Bahar Maliya. A irinsa, zaman jirgin ake saye: ɗaki mai kallon teku da abinci iri-iri.

Wannan tekun alhazan ƙasar Hausa suka riƙa ƙetarewa a da daga Suwakin, bayan sun ratsa Borno da Chadi, wasu suna tsayawa ƙwadago a gonakin audugar Sudan don haɗa guzuri. A wurinsu, jin daɗi bai wuce ruwan sha da isa lafiya ba.

Maniyyacin da ke tashi daga filin jirgin saman Dutse kuwa, tambayarsa ita ce nisan masauki daga Harami, da yawan mutane a ɗaki, da ko za a samu tuwo. A ayari ɗaya ma, dattijo mai ciwon gwiwa kusanci yake nema, attajiri kuma tantin alfarma a Mina.