Sola ta hau rufin Giyawa, amma murhu na nan da hayaƙinsa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, ya ratsa ƙasar Wurno, zai ga abin da ba a cika gani ba shekara goma da suka wuce: faifan sola a kan rufin kwano, an danne shi da bulo ko an ɗaure da waya don kada guguwar farkon damina ta yi gaba da shi. A Giyawa da ƙauyukan da ke kewaye, yana saman masallaci, yana shagon mai cajin waya, yana kan tankin rijiyar burtsatse.

Ba wa'azin sauyin yanayi ne ya kawo wannan ba, aljihu ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ƙaramin janareta ya koma kayan ado a lungun ɗaki. Wutar gwamnati, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, ba kowane ƙauye ta kai ba, inda ta kai ma ba a dogara da ita. A daidai lokacin ne kayan sola na ƙasar Sin suka yi araha a kasuwar duniya, ƙwan fitila na zamani mai cin wat 9 kuma ya maye gurbin tsohon mai cin wat 60. Faifai ɗaya da batir ɗaya sun ishi gida haske, fanka da cajin waya.

Ribar a fili take. Fitilar ƙwai da aci-balbal sun ja da baya, tare da ƙaurin kananzir ɗinsu. Manomin rani a fadamar Rima, ƙasa da madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984, in ya samu famfon sola ya huta da ɗaukar jarkar fetur zuwa gonar albasa ko shinkafa. Kowace litar da ba a ƙona ba, hayaƙi ne da bai hau sama ba, ko da mai gonar bai taɓa jin alkawarin da Najeriya ta ɗauka a Glasgow a 2021 ba, na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Akwai kuma cikas: batir mai dalma ba ya jure zafin yankin, yakan mutu da wuri, kuma ba a tanadi inda za a kai mataccen ba. Jabun kaya sun yi yawa. Rashin tsaron gabashin Sakkwato shi ma yana sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya kafa dukiya a gona ya bar ta ta kwana.

Sai dai abin da ya fi damuna yana cikin gida, can bayan zaure. Shiga da la'asar ka gani. Fanka na juyawa a ɗakin maigida, uwargida kuwa tana durƙushe gaban duwatsu uku, tana hura ɗanyen itace, ido ya yi ja, goyo a bayanta yana tari. Sola ba ta taɓa wannan wurin ba, domin tukunyar tuwon gida mai mutum goma sha biyar ta fi ƙarfin faifan da talaka ke iya saya. Iskar gas ta yi tsada, don haka har wasu mutanen birni da suka saba da ita sun koma gawayi, gawayin kuwa daga dajin karkara ake sare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na hallaka kusan mutum miliyan 3 a duniya a kowace shekara. Sakkwato na cikin jihohi 11 da ake aikin Babbar Koriyar Ganuwa don tare hamada. Ana dasa itace da hannun dama, ana sarewa da na hagu.

Sa'annan ga ginin kansa. Kakanninmu a Wurno da Rabah sun yi gini da tubali, bango mai kauri, rufin soro a kan azara, ƙananan tagogi can sama. Irin wannan bango yana shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya wuni da sanyi ko a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Yau wanda Allah ya buɗa masa sai ya rushe ya sa bulo da kwano. Ban ga laifinsa ba: soro yana son yaɓe duk shekara, giginyar azara ta yi wuya, ambaliyar 2010 da ta ci ƙauyuka a ƙasar Goronyo kuma ta nuna yadda ginin ƙasa ke narkewa a ruwa. Amma kwano marar sili tanda ne. Mun gina ɗakin da ba ya zaunuwa sai da fanka, sannan muka sayi sola don ta juya fankar. Wani ɓangare na wutar da muke murna da ita, gyaran ɓarnar rufi take yi.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A ganina, in gwamnatin Sakkwato za ta yi amfani da wannan dama, kada ta tsaya ga fitilun kan titi. Murhu mai tsimin itace, wanda maginan tukwane da maƙeran gari za su iya yi, yana rage itacen da ake ƙonawa, kuma kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba. Makarantu da ɗakunan shan magani da ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno da Rabah ke ginawa ana iya yi musu sili, a shafa wa kwanon farin fenti, a ɗora bangon ƙasa mai kauri a kan tushen siminti, a dasa darbejiya ta yamma da su. Magina a ƙauye abin da suka gani a ginin hukuma shi suke kwaikwayo.